Intabiyun neman horon rubuta manhaja: yadda aka ƙi ni da yadda na sake shiri

Ni ɗan tela ne. Baba yana da shago a bakin kasuwar garinmu, kekunan ɗinki uku da yara masu koyon aiki, kuma tun ina firamare ni ke riƙe masa littafin awo: sunan mai kaya, tsawon riga, faɗin kafaɗa, hannu, wuya, tsawon wando, kafin alƙalamin da aka bayar da ranar karɓa. Lokacin da na samu gurbin karatun kimiyyar kwamfuta a jami'a ban taɓa mallakar kwamfuta ba, iyakata wayar Android mai fasasshen gilashi. Ba mu yi nisa ba annobar korona ta shigo, ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU kuma ta tafi yajin aiki daga Maris zuwa Disamba na 2020. Aka dawo aka ɗan taɓa karatu, sai ga wani yajin aikin daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022. Wata takwas ina shago ina sa maɓalli da guga, sa'annina da suka shiga kasuwa suna ta aure, masu wucewa na tsokanata: "Injiniya, yaushe za a koma?"

Karatun da muke yi kuwa na takarda ne. Malami ya rubuta kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, a allo, mu kwafa, mu haddace, ranar jarrabawa mu zuba shi da biro. Ɗakin kwamfuta akwai shi, amma mutum biyar ko shida ne kan na'ura ɗaya, in an ci sa'a da wuta. Makina ba laifi. Sai dai kod ɗin da aka rubuta da biro ba ya ƙin aiki, saboda haka ba ka sanin ko ka iya ko ba ka iya ba.

A aji uku ake tura mu horon sanin makamar aiki na wata shida, wato tsarin SIWES da hukumar asusun horas da ma'aikata ta ITF ta kafa tun 1973, wanda ɗalibai ke kira IT. Makaranta ta ba ka takarda da littafin da za ka riƙa cika aikin kowace rana, neman wuri kuwa naka ne. Da yawa kan faɗa wani ofishi ko shagon buga takardu, su yi wata shida suna hoton takardu, a buga musu hatimi su dawo. Ban ga laifinsu ba, wurin ne babu. Ni dai na ƙudura sai inda ake rubuta manhaja da gaske. Da Baba ya ga haka sai ya sayar da keke ɗaya daga cikin ukun, ya saya mini kwamfutar cinya ta hannu. Bai yi doguwar magana ba, cewa kawai ya yi, "Ga ta nan, Allah ya sa albarka." Duk sanda na shiga shagon na ga gurbin keken nan sai gabana ya faɗi.

Na aika takardu wurare da dama, ƙalilan suka amsa. Wanda ya fara kirana intabiyu ta Google Meet ne. Bayan gaisuwa sai ɗaya daga cikin masu tambayar ya ce in nuna musu abin da na taɓa ginawa. Abin da nake da shi aikin aji ne, ɗan kalkuleta da manhajar lissafin maki, irin wanda kowane ɗan ajinmu ke da shi kalma da kalma. Suka wuce. Suka ba ni tambaya: ga jerin lambobi, ga wani adadi, nemo biyu a ciki da in an haɗa su za su ba da adadin. Na san amsar a kaina, amma ban taɓa tunani da baki a gaban mutane ba, balle da Turanci. Na yi shiru ina rubutawa ina gogewa, su ma shiru, can sai sabis ya ɗauke. Kafin in dawo lokaci ya ƙare. Imel ɗin da ya biyo baya mai ladabi ne, layi uku.

Ban faɗa wa kowa a gida ba sai da Inna ta lura ba na cin abinci. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban ma san me suka duba ba, balle in san abin gyarawa. Har na fara tunanin in kai takardata wani ofishi a buga mini hatimi a huta. Wani da ya riga mu gamawa, yana aiki a Abuja, shi ya hana ni. Na zayyane masa yadda aka yi, ya yi dariya ya ce, "Ƙanina, ba wanda ke sa ran ɗan IT ya iya aiki. Abu biyu suke so su gani: wani abu da ka yi da hannunka wanda za ka iya kare shi layi-layi, da yadda kake yi in ka maƙale. Je ka nemo matsala ta gaske ka warware." Duk shirin da na yi daga baya a kan maganar nan na ɗora shi.

Matsala ta gaske ba sai na je nesa ba. Littafin awon shago ne, wanda duk ƙarshen azumi yake haddasa rigima: shafi ya yage, an manta wa ya biya nawa, an yi wa mutum uku alƙawarin jajibirin Sallah. Na rubuta ƙaramar manhaja da yaren kod na Python, na ajiye bayanan a rumbun bayanai na SQLite saboda fayil ɗaya ne a kan kwamfuta, ba ya bukatar intanet, shago kuwa ba intanet. Teburi huɗu, wato jadawalin bayanai masu layi-layi, na yi a rumbun bayanan: na masu kaya, na awo, na ɗinki, na biyan kuɗi. A nan na koyi abubuwan da daga baya suka zama rabin intabiyuna, domin kowanne sai da ya lalace a gabana kafin in gane dalili.

Lambar waya, alal misali. In ka ajiye ta a matsayin adadi, sifilin farko zai ɓace, lamba goma sha ɗaya ta koma goma. A matsayin rubutu ake ajiye ta. Ba kuma za ka mai da ita shaidar da ke bambanta mutum da mutum ba, tunda magidanci ɗaya kan kawo ɗinkin 'ya'yansa biyar da lambarsa. Suna ma bai isa ba, masu suna ɗaya a layinmu kaɗai sun fi a ƙirga. Dole kowane mai kaya ya samu lambar shaida tasa da rumbun zai ba shi, sauran teburan su riƙa nuni da ita. Kuɗi kuma ba a ajiye shi da lamba mai ɗigo. Buɗe Python ka tara 0.1 da 0.2, za ta ba ka 0.30000000000000004, saboda kwamfuta da tushe biyu take lissafi, kashi ɗaya cikin goma kuwa ba ya fita daidai a tushe biyu. Mafita a ajiye kuɗin a kobo, cikakkiyar lamba, a raba da ɗari lokacin nunawa. Sai awo: da farko in an sake auna mutum sabon awon yana goge tsohon. Yaro kuwa girma yake, babba ma yana ƙiba yana ramewa, kuma wani lokaci ana bukatar awon da aka yi ɗinkin bara da shi. Sai na mai da kowane awo layi mai zaman kansa da kwanan wata.

Na ɗora aikin a GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod don wasu su gani. Shawarata a nan: kar ka jira ka gama sannan ka tura komai a dunƙule. Riƙa adana kowane ƙaramin canji a Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen kod, da gajeren bayanin abin da ka canza, domin mai dubawa yana kallon tarihin ya ga aikin ya girma a hannunka ne, ba kwafo shi ka yi dare ɗaya ba. Rubuta README, wato fayil ɗin bayanin aikin, mai faɗin abin da manhajar ke yi, yadda ake kunna ta mataki-mataki, da hoto biyu ko uku. Ba wa abokinka ya bi matakan a kwamfutarsa, kusan kullum akwai abin da ka girka a taka ka manta ba ka rubuta ba. Kalmar sirri da makullan shiga wasu manhajoji ba sa zama cikin kod, a fayil dabam ake sa su, a rubuta sunan fayil ɗin a .gitignore, jerin fayilolin da Git ba zai ɗauka ba. In har ka riga ka tura makulli, goge shi bai wadatar ba domin yana nan a tarihi, sai dai ka soke shi ka karɓi sabo. Sunaye da lambobin mutane na gaske kuma ba su da hurumin hawa intanet, na ƙirƙira na sa a matsayin misali.

Ɓangare na biyu shi ne tambayoyin warware matsala. Zaɓi yaren kod ɗaya ka tsaya a kansa. A matakin ɗan IT abin da ake yawan taɓowa bai wuce jeri, rubutu, dict da set (ma'ajiyoyin Python da ake duba ko abu na ciki nan take), jera abubuwa bisa tsari, neman abu ta hanyar raba jeri biyu, da ɗan fankshan (guntun kod mai aiki ɗaya) mai kiran kansa ba. Tambayoyi masu sauƙi na shafukan atisaye irin su LeetCode ko HackerRank sun isa a fara. Guda ɗaya ko biyu a rana, ka sa agogo minti 30 zuwa 45. In lokaci ya cika ba ka samu ba, karanta amsar, rufe ta, ka rubuta da kanka, bayan kwana uku ka sake gwadawa ba tare da leƙe ba. Tambaya hamsin da ka fahimta sun fi ɗari uku da ka kalli amsarsu ka gyaɗa kai. Ranar da ba wuta nakan yi a waya da Pydroid, manhajar rubuta Python a Android, da wahala amma yana yiwuwa.

Ɗauki tambayar nan da ta kayar da ni. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki kowace lamba ka gwada ta da duk na bayanta. Tana aiki, amma in lambobin sun kai 10,000 gwajin ya doshi miliyan 50. Hanya ta biyu ka bi jerin sau ɗaya: a kan kowace lamba ka cire ta daga adadin da ake nema, ka duba ko ragowar tana cikin dict ɗin da kake tara waɗanda ka wuce, in ba ta nan ka jefa wannan ciki ka ci gaba. Taku 10,000 ke nan, ladan kuwa ka biya shi da ɗan wurin ajiya. Wannan shi ne bambancin da suke nufi in sun ce O(n²) da O(n), wato yadda yawan taku ke ƙaruwa in jerin ya ƙaru. Haka neman abu a jerin da aka riga aka jera: in kana raba shi biyu kana watsar da rabi, abu miliyan ɗaya taku 20 ya ishe shi. In ka iya faɗin irin wannan da bakinka, da lambobi, ka wuce inda yawancin 'yan ajinka suke.

Amma sanin amsa dabam, isar da ita dabam. Tsarin da na saba wa kaina shi ne: in maimaita tambayar da kalmomina don a tabbatar na fahimta, in tambayi abin da ba a faɗa ba, ko jerin na iya zuwa fanko, ko akwai lambobi ƙasa da sifili, ko ana iya amfani da lamba ɗaya sau biyu, me za a mayar in ba a samu ba. Sannan in yi ƙaramin misali da hannu. Sannan in faɗi hanya mai sauƙin nan ko da ba ta da sauri, in ce ga aibinta, in nemi wadda ta fi ta. Sai a lokacin nake fara rubutu, ina yi ina faɗin abin da nake yi. In na gama ba na cewa na gama, sai na bi kod ɗin da misalina layi-layi, na gwada jeri fanko, mai abu ɗaya, da mai lambobi iri ɗaya. Kuskuren da ya fi yawa na iyaka ne, zagaye ya tsaya saura ɗaya ko ya zarce da ɗaya. A Python range(5) daga 0 yake farawa ya tsaya a 4, kuma mutum zai rantse ya san haka har sai ido huɗu na kallonsa.

Maganar Turanci kuwa kar ta tsorata kowa. Ba lafazi ake aunawa ba. Ni da Hausa nake tunani, kuma abin da ya taimake ni shi ne in kunna rikodar waya in yi bayanin amsata da ƙarfi, in saurara, in ji inda nake inda-inda. Daga baya muka riƙa yi da wani ɗan ajinmu, yau shi ne mai tambaya gobe ni. Ranar farko dariya muka yi ta yi, amma bayan 'yan makonni bakin ya saki.

Akwai kuma tambayoyin baka da kusan ba sa wucewa. Bambancin GET da POST, hanyoyi biyu na aika bukata ga sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin intanet. Ma'anar lambobin amsar da sabar ke mayarwa, irin su 200, 404 da 500, da bambancin 401 da 403: na farko ba a san ko kai wane ne ba, na biyu an san ka amma ba ka da izini. A SQL, yaren da ake magana da rumbun bayanai da shi, yadda umarnin JOIN ke haɗa teburi biyu, da dalilin da ya sa LEFT JOIN ke fito da mai kayan da bai taɓa biyan ko sisi ba alhali INNER JOIN na ɓoye shi. A Git, me za ka yi in kai da wani kun canza layi ɗaya a fayil ɗaya. Duk waɗannan in ka gina abu na gaske ka riga ka ci karo da su. Game da ChatGPT da ire-irensa, ban ce kar a taɓa ba, yana da amfani wajen bayanin saƙon kuskure. Amma duk layin da ke cikin aikinka wanda ba za ka iya faɗin me yake yi ba, bashi ne, kuma ranar intabiyu ake biya. Cewa kawai za a yi ka canza wani ɗan abu a gabansu.

Takardar CV shafi ɗaya ta isa, a tura ta PDF, sunan fayil ɗin ya zama sunanka. Cire ƙaramar hukuma, addini, ranar haihuwa da sunan makarantar firamare, ba sa ƙara komai. Ayyukanka su zo sama, kowanne layi biyu da adireshinsa na GitHub, ka kuma danna adireshin ka tabbatar yana buɗewa ga wanda ba kai ba. Kar ka jera yaren kod takwas. Duk abin da ka rubuta ka ba da izinin a tambaye ka a kansa.

Sai abin da ba a koyarwa a ko'ina, wato wuta da sabis. Nemi layi biyu na kamfanoni dabam-dabam. Kwana ɗaya kafin ranar, je ainihin wurin da za ka zauna a daidai lokacin, ka kira wani da bidiyo, ka gwada nuna masa fuskar kwamfutarka, domin sabis ɗin unguwa na safe ba shi ne na yamma ba. Sayi data aƙalla gigabayt biyu, ka kuma saita Windows a kan cewa datarka a ƙididdige take, in ba haka ba tana iya fara sabunta kanta ta cinye rabi kana tsakiyar magana. Caja komai tun dare, batirin kwamfutar hannu ba abin yarda ba ne. Iyafis mai waya ya fi amsa-kuwwar kwamfuta. Rufe WhatsApp na kwamfuta kafin ka nuna fuskarta. Tun a imel ka roƙi lambar da za ka kira in layi ya yanke, ba wanda zai ga baikenka, a ƙasar nan suke su ma. In ido da ido ne a wani gari, ka tambaya ko zagayen farko zai yiwu ta intanet. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, ni kaina ban da halin zuwa Kaduna ko Abuja don ganawar rabin awa. Wurin da ya ce ka biya kuɗi kafin a yi maka intabiyu kuwa, kama gabanka.

Intabiyun da aka ɗauke ni a ƙaramin kamfani ne, mutum biyu suka yi mini. Na gabatar da kaina cikin minti ɗaya, na buɗe manhajar shago. Wata injiniya ce ta riƙe yawancin tambayoyin. Ta ce me ya sa awo ke da teburinsa, na ba ta labarin yaro mai girma. Ta ce in ƙara wurin nuna ɗinkin da ranar karɓarsa ta wuce, na rubuta a gabanta, ya ƙi, na karanta saƙon kuskuren da ƙarfi, ashe kwanan wata nake gwadawa da rubutu. Na gyara. Sai ta ce, in an rubuta biyan kuɗi, kafin a rage bashin mutumin wuta ta ɗauke fa? Na ce mata ban san sunan maganin ba, amma a ganina ko dai kar a ajiye bashin ko kaɗan, a riƙa lissafo shi daga biyan da aka yi, ko kuma a nemi hanyar da rubutun biyu za su shiga tare ko su fasa tare. Ta ce hanya ta biyun rumbun bayanai na da ita, ta faɗa mini abin da zan karanta. Tambayar warwarewar da suka ba ni ta ƙirga maimaituwar haruffa ce a cikin kalma, ban kai ƙarshenta da kyau ba, amma ban yi shiru ba ko sau ɗaya.

Da suka ce ko ina da tambaya, na tambayi wa zai riƙa duba aikina, ko kod ɗina zai shiga manhajar da mutane ke amfani da ita, wa zai sa hannu a littafin makaranta, da ko akwai ɗan alawus na mota. Ta ƙarshen nan kunya kan hana ɗalibai yin ta, su je su maƙale a wata na biyu ba kuɗin zuwa. A yi ta da ladabi, a ƙarshe.

Yanzu na gama makaranta, ina aikin rubuta manhaja, wani lokaci ni ake zaunarwa in yi wa masu neman IT tambayoyi. Abin da nake yawan gani shi ne sun makara: sai an raba takardar makaranta suke fara nema, alhali ƙananan kamfanoni mutum biyu ko uku suke ɗauka, kuma wuri kan cike tun kafin nan. A fara tura takardu wata uku ko huɗu kafin lokaci, aikin da za a nuna kuwa a fara shi tun aji biyu. Wanda ke da ƙarfin data ya kuma duba Google Summer of Code da Outreachy, shirye-shiryen horon rubuta manhaja ne da ake yi daga gida kuma ana biya, sai dai suna son ka fara ba da gudummawa a manhajar da kake nema kafin zaɓe, makaranta ma sai ka tambaya ko za ta karɓe su a madadin SIWES. Bayan kowace ganawa, tun kafin ka tashi daga wurin, rubuta duk tambayoyin da aka yi maka da inda ka tsaya, ka warware su a daren. Washegari ka aika gajeren imel na godiya. In mako guda ya wuce shiru ka tuntuɓa sau ɗaya, kana yi kana ci gaba da tura takardunka wasu wuraren.